Karatun MBA na ƙarshen mako: ana koyon lissafi, amma ba a koyon shugabanci

Kusan kowace babbar jami'a a Arewacin Najeriya tana da shirin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, kuma da yawa daga cikinsu an tsara su ne domin ma'aikata da 'yan kasuwa, ana shiga aji ranakun Asabar da Lahadi. Na kammala irin wannan shiri a wata jami'ar gwamnati da ke Arewa maso Yamma alhali ina riƙe da wani sashe a kamfanin sarrafa roba, kuma tun daga lokacin abokan aiki ke tambayata ko karatun ya cancanci kuɗin da ake zubawa da hutun da ake sadaukarwa. Amsata ita ce ya cancanta ga mai neman sanin lissafin kasuwanci da kwalin da zai taimake shi wajen ƙarin girma. Amma alƙawarin da ke cikin takardar talla, na cewa za a yaye shugabanni, shirin bai cika shi ba, kuma a yadda aka tsara shi ba na jin zai iya cikawa.

Sharuɗɗan shiga ba su da tsanani: digiri na farko, ko HND haɗe da difloma ta gaba da digiri, sai takardar kammala hidimar ƙasa. Saboda haka aji yakan cika da ma'aikatan banki, da jami'an gwamnati masu jiran ƙarin girma, da 'yan kasuwa ƙalilan waɗanda suka zo da kuɗin aljihunsu, kuma su ne suka fi kowa yin tambaya.

Inda shirin ya fi ƙarfi shi ne darussan kuɗi da ajiyar lissafi, kuma a nan na ga amfanin da ba na shakkarsa. Malamin da ya koyar da mu ya taɓa yin aikin binciken kuɗi kafin ya shiga koyarwa, shi ya sa bai tsaya kan allo kaɗai ba. Wata rana wani ɗan ajinmu mai sayar da yadi ya yarda ya kawo littafin shagonsa, aka bi shi layi-layi a gaban kowa. A rubuce shagon yana cin riba kowane wata, amma da aka ware abin da ke hannun masu karɓar kaya bashi, sai aka ga mafi yawan jarin yana waje, wani bashin ma ya haura shekara, shi kuwa mai shagon yana rancen kuɗi domin ya saro sabon kaya. Daga wannan zama ɗaya kowa ya fahimci bambancin riba da tsabar kuɗin da ke hannu fiye da yadda littafi zai fahimtar da shi. Haka kuma bayan da Babban Bankin Najeriya ya bar wa kasuwa ta yanke farashin canjin Naira a watan Yunin 2023, malamin ya nuna mana dalilin da ya sa wanda ke sa farashi bisa abin da ya sayo kaya, maimakon abin da zai kashe wajen sake saro su, yake cinye uwar kuɗinsa alhali yana ganin ciniki na tafiya. Wannan ilimi ne da mutum zai yi aiki da shi ranar Litinin da safe.

Darasin shugabanci kuwa ya zama hadda. An ba mu rabe-raben shugabanni da sunayen masanan da suka tsara su, muka haddace, muka zuba a takardar jarrabawa, aka ba mu maki. Ba a taɓa tsayar da ɗalibi a ce masa ga ma'aikacin da ya daɗe yana yi wa kamfani hidima amma dole a sallame shi, yaya zai faɗa masa ba. Ba a tattauna abin da ƙaramin manaja zai yi idan maigidansa ya miƙo masa takardar da ya san ƙarya ce ya ce ya sa hannu ba, alhali rabin ajin sun taɓa tsintar kansu a irin wannan hali, kuma da an buɗe musu baki da an ji abin da ya fi kowane babi amfani. Wuri ɗaya da za a iya gwada jagoranci a aikace shi ne aikin rukuni, amma abin da ke faruwa shi ne mutum biyu su yi aikin, sauran su aiko da sunayensu da gudunmawar kuɗin buga takarda, kowa ya sami maki ɗaya. Babu malamin da ya tambayi yadda aka raba aikin ko wanda ya iya haɗa kan mutane, ga shi kuwa nan ne darasin yake.

Hanyar koyarwa da labarin kamfanoni, wadda makarantar kasuwanci ta Harvard da aka kafa a 1908 ta shahara da ita, ginshiƙinta shi ne ɗalibai su karanta matsalar kafin su zo, su yi muhawara, malami ya matsa musu da tambayoyi. A wurinmu malami ne ke karanta labarin Toyota ko Coca-Cola, ya kuma faɗi amsar da kansa. Sai dai ko a can inda ake bin hanyar yadda ya kamata, kwali bai zama shaidar gaskiya da riƙon amana ba: Jeffrey Skilling, wanda ya shugabanci kamfanin Enron na Amurka da ya rushe a 2001, kuma kotu ta same shi da laifin zamba a 2006, a Harvard ya yi nasa MBA ɗin. Matsalar ta wuce ƙarancin kayan aikin jami'o'inmu. Aji yana iya kaifafa tunani, amma halin mutum a wajen aiki ake gwada shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka bar darussan da ke ƙofar gidanmu. Masaƙun Kaduna, tun daga masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da ta fara aiki a 1957, sun ɗauki dubban ma'aikata kafin su durƙushe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000 saboda rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar yadi mai arha ta ɓarauniyar hanya, amma ba a ware ko zama ɗaya a tambayi abin da manajojinsu suka yi da abin da suka kasa yi ba. Ba a nazarci yadda Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya tashi daga fataucin goro zuwa sayen gyaɗa da wakilai a garuruwa daban-daban ba, balle yadda kasuwancin gidan ya ci gaba bayansa, alhali babbar cutar kasuwancin Arewa ita ce mutuwarsa tare da mai shi da zarar an raba gado. Haka nan an koyar da lissafin kuɗin ruwa dalla-dalla, amma murabaha da mudaraba, wato hanyoyin samar da jari na Musulunci da babu kuɗin ruwa a cikinsu, sai ambato a wucewa, duk da cewa bankin Jaiz yana aiki tun 2012, kuma da yawa a ajin ta wannan hanya kaɗai za su yarda su nemi jari.

A Kantin Kwari da sauran manyan kasuwanni akwai tsohuwar hanyar horar da jagora. Yaron shago yakan fara da shara da ɗaukar kaya, sannan a aike shi banki da kuɗi, sannan a bar masa shago idan maigida ya tafi aikin Hajji ko saro kaya, kuma sai an ga amanarsa a kowane mataki ake sallamarsa da jari. Hanyar tana da nata aibi, domin sau da yawa babu rubutacciyar yarjejeniya, wani yaron kuma yakan shekara da shekaru bai ga sallama ba. Duk da haka tana auna abin da jarrabawa ba ta aunawa. Da jami'a za ta riƙa gayyatar irin waɗannan iyayen gida su zauna da ɗalibai a yi musu tambayoyi, ko da Hausa ne, da kowane ɓangare ya ƙaru. A tsawon karatunmu ba a gayyaci ko ɗaya ba.

Ta fuskar gudanarwa, jadawali yakan sauya ba sanarwa, wasu malaman sukan tara darasin wata guda su sauke shi a yini ɗaya, sakamako kuma yakan yi jinkiri. Binciken kammalawa ya ta'allaƙa ne kan raba takardun tambayoyi da cika babi biyar, maimakon a sa ɗalibi ya warware wata matsala ta gaske a wurin aikinsa.

Ga ma'aikacin da tsarin wurin aikinsa ke neman kwali, da ɗan kasuwar da littafin shagonsa ya fara fin ƙarfinsa, ina ba da shawarar su shiga. Kafin su biya kuɗin zangon farko, su nemi ɗaliban da ke shekara ta biyu su tambaye su waɗanne malamai ne ke zuwa aji da kansu, kuma mutum nawa ne a cikinsu suka taɓa riƙe kamfani ko biyan albashin ma'aikata a ƙarshen wata.