Wata bakwai da Linux Mint a kan tsohuwar laftof ɗina

Jama'a salamu alaikum. Laftof ɗin nan ThinkPad ce ta hannu da na saya a Circle cikin Accra shekarun baya, ram ɗinta giga 4 kacal, da ita nake buga takardun jarrabawar makarantar Islamiyyarmu a Nima da katin suna da na biki. Da Microsoft suka daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, laftof ɗin kuma ba ta da TPM 2.0, wato ɗan kayan tsaron da Windows 11 ke nema, sai ɗan yayata da ke karatu a Legon ya ce kawu kawo in sa maka Linux Mint 22 a madadin Windows, samfurinsa mara nauyi da ake kira Xfce, za a ci gaba da sabunta shi har 2029 kuma ko pesewa ɗaya ba za ka biya ba. Na ce to bismilla.

Ni fa abu biyu nake dubawa kafin in sa kowace manhaja, data nawa za ta ci, sannan in an ɗauke wuta me zai faru da aikina. Kyawun fuska bai dame ni ba.

LibreOffice, madadin Microsoft Office, ya zo a ciki tun farko kuma shi ne gishirin miyar. Writer ɗinsa, mai aikin Word, na buga Larabci daga dama zuwa hagu lafiya lau in ka kunna shi a saitin harsuna, ayoyi da wasulansu suna zama daram. Abin da ya fi burge ni ma, cikin jerin kibod akwai Hausa ta Ghana da kanta, harafin ɗ yana fita ba sai na je kwafowa daga wani wuri ba, wallahi ranar da na gani sai da na kira Malam ya zo ya duba. Inda za ka yi hattara shi ne takardar Word da wani ya turo maka, in da rubutun Calibri aka yi ta layuka kan goce don babu shi a Linux, maganinsa ka sa rubutun Carlito, faɗinsu ɗaya. Kuma in za ka kai wajen masu firinta ka mai da ita PDF tukuna, kar ka ce ban gaya maka ba.

VLC na buɗe duk wani wa'azi ko bidiyon Mauludi da aka turo. Firefox ba matsala. GIMP kam sai a hankali, yana gyara hoto sosai amma wanda hannunsa ya saba da Photoshop zai yi sati yana neman inda aka ɓoye abubuwa. WhatsApp ba shi da manhajar Linux, ta burauza nake shiga.

To sai baƙin allon nan, tamina, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, da nake tsoro kamar me. Ashe nan albarkar take. A shagon manhajojin Mint za ka ga abu ɗaya kashi biyu, na tsarin Mint ɗin kansa da na wata hanyar girkawa da ake kira Flatpak, shi Flatpak a karon farko yakan jawo wasu manyan kaya tare da shi har ɗaruruwan mega, ga mai sayen bandil da MoMo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma in ka rubuta sudo apt install da sunan abin, kafin ya fara zai faɗa maka mega nawa zai sauke, in kuma akwai wasu kayan da zai haɗo da su sai ya jira ka yarda. Sai wget -c, umarnin sauke fayil, in wuta ko netwok ya yanke kana tsakiyar sauke babban fayil, in ka sake rubuta shi daga inda ya tsaya yake ɗorawa. htop na nuna maka wa ke cinye ram. Da rsync kuma duk Juma'a bayan masallaci nake kwashe takardun makaranta zuwa filas, waɗanda suka canza kawai yake ɗauka, minti ɗaya an gama.

Yaron ya so ya koya min vim, wata manhajar rubutu a cikin tamina, na shiga na kasa fita har shayina ya huce, na ce ɗana bar ni da nano, aƙalla shi ya rubuta yadda ake fita a ƙasan allo.

Wanda aikinsa CorelDRAW ne kamar masu buga bana a Newtown, kar ya goge Windows ɗinsa tukuna, ya fara gwada Inkscape, manhajar zane irin CorelDRAW, ya gani. Sauran mu masu takardu ku sa Mint a filas ku kunna shi daga nan ba tare da kun taɓa komai ba, ku tabbatar wayfai da firinta suna aiki kafin ku girka.