Daga Legas: ku auna waya kafin ku aiko a sayo birenbos

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin wayarin mota na gida, na Ƙofar Ruwa da na Panteka, da yaran gareji masu tasowa. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali.

Saƙon da ya fi zuwa mana nan Legas daga wajenku guda ɗaya ne: a shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo a nemo birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, na Corolla, ko na Camry, ko na Honda, a ba direba ya kawo. Ana nemowa, ana aikowa. Bayan kwana uku sai a bugo waya, an ɗaura amma mota ta ƙi tashi, ko ta tashi da ciwonta na da. Nan take sai a ce ɗan kasuwa ya yi cuta. Akwai lokacin da haka ne. Amma mafi yawan lokuta wanda aka cire ɗin lafiyarsa ƙalau, wayar da ke kai masa wuta ce ta ruɓe, kuma kuɗin mai mota ya tafi a banza. Abin yana damuna, shi ya sa na zauna in rubuto muku yadda kaya da aiki suke a nan.

Wajen kaya, gaskiya Legas ta sha gabanmu. Kwantenoni a Apapa da Tin Can suke sauka, daga nan su zarce Ladipo da ke Mushin, kuma da yawa daga cikin abin da kuke gani a rumfunan gida ta nan ya bi. A Ladipo za ka tarar da rabin mota an yanko ta daga Amurka ko Turai, inji da wayoyinta ba wanda ya taɓa. Amfanin wannan ga mai wayarin babba ne. Kana iya sayen damin wayar inji gaba ɗaya, ko ka ce a yanko maka soket ɗaya da jelar waya taƙi guda, maimakon ka yi ta ƙulle-ƙulle a kan soket da ya narke. Sannan ana samun birenbos a haɗe da makullinsa da akwatin tsaron makullin, duk daga mota ɗaya aka ciro su. A gida sau da yawa shi kaɗai ake miƙo maka, sai ka je ɗaurawa ka gane ba ya magana da makullinka. Sabbin kaya kuwa, irin su sensa da rile da kwayil, kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair a hanyar Badagry ce wurinsu, sai dai a can ma na gaske da jabu a kanta ɗaya suke zaune.

To amma kasuwar ba ta son baƙon ido. Tun daga bakin titi 'yan kamasho za su tare ka, su kai ka rumfa, su ɗora nasu a kai. Wannan ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne kaya iri biyu. Na farko, birenbos ɗin da aka buɗe aka yi wa liƙi aka mayar aka shafe, ana sayar da shi a matsayin tokumbo. Ana gane shi a kan kusoshi, za ka ga sawun sukundireba, ko ka ga gam ɗin bakin murfin sabo ne kuma bai bi layi ba. Na biyu, wanda aka ciro daga motar da ambaliya ta cinye a can ƙasar waje aka yi gwanjonta. Haska tocila cikin bakin soket ɗin. In ka ga farin gari ko koren tsatsa a gindin fil, ajiye shi, ko da kuwa ya tashi mota a gabanka. Zai yi wata ɗaya ko biyu ya fara rikici. Al'adar kasuwar ita ce mai kaya ya yi wa abin alama da maka, a yi magana a kan kwanakin da za a iya dawowa da shi. Ku tuna kwanakin hanya zuwa Kano da dawowa suna cikin lissafin.

Sunan mota da shekararta ba sa isa a sayo birenbos. Lambar da ke kan takardar jikinsa ake bi. Na Toyota yawanci da 89661 take farawa, na Honda da 37820, na kamfanin Bosch da ke cikin motocin Turai kuwa 0 261 na fetur ne, 0 281 na gas, wato dizal. Lambobin da ke biye su ne suke rarrabe mai giyar hannu da otomatik, da kuma wadda aka ƙera don Amurka da ta Turai. Lamba ɗaya ta bambanta, sai ka ga mota ta tashi amma giya ba ta shiga daidai.

Wajen aiki kuma, kowane ɓangare da nasa. A nan na'urar sikanin, wadda ake jonawa a mota ta karanto lambobin matsala, ta zama ruwan dare, kusan kowane gareji akwai ta. Akwai kuma yaran da suka ƙware a gyaran allon cikin birenbos, su canza abin da ya ƙone, su kwafe bayanan tsohon birenbos su zuba a sabo har ba sai an taɓa makulli ba. Wannan hannun ya fi yawa a nan, kuma ina so yaranmu su koye shi. Sai dai na'urar ta sa wa mutane da yawa lalaci. A jona, a karanto lamba, a ce wa mai mota je ka sayo kaza. Lamba P0335 ta fito, sai a ce sensar kiranshaf ta mutu, alhali abin da lambar take cewa shi ne saƙon sensar bai iso ba. Ko sensar ce, ko soket, ko waya, ko wutar da ke ciyar da ita, wannan aikin mitar auna wuta ne. Dattawanmu na gida sun fi haƙurin bin waya daga tushe har ƙarshe, kuma wannan haƙurin ya fi na'ura tsada.

Ciwon ma ba iri ɗaya ba ne. Na Legas ruwa ne: damina mai tsawo, tituna su cika, ga danshi da iskar gishiri daga teku. Soket yana tsatsa ta ciki alhali ta waje tsaf yake. Corolla ta 2003 zuwa 2008 birenbos ɗinta yana cikin mota bayan akwatin gaban fasinja, ta 2009 zuwa sama kuma yana ƙarƙashin bonet, inda masu wankin inji suke watsa masa ruwa da ƙarfi. A gida zafi ne da ƙura da ɓera. Rigar waya ta bushe ta tsage inda ta ratsa kusa da salansa, ko ɓera ya kwana a kan inji ya ci wayar nozul. Don haka kayan da suka daɗe a ajiye a nan, a duba musu tsatsa kafin a ɗaura.

Ga yadda masu aikin kirki suke bi, kuma ba abin da ya fi ƙarfin mita mai sauƙin kuɗi da taswirar wayar motar.

A fara da batir. Cikakke yana nuna volt 12.6 in mota a kashe take. Lokacin da ake kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6, in ya faɗi birenbos yana iya ɗaukewa ya zubo lambobin ƙarya. In inji na aiki, caji ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.7. Daga nan a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a dubi fitilar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba. Dole ta kama. In ba ta kama ba, ko wuta ba ta isa birenbos, ko wani dillali ya cire ƙwan don ya ɓoye matsala, kuma wannan na biyun muna ganinsa sosai a motocin da aka saya a hannu. A Toyota sai a je kan fis da rile masu rubutun EFI. Kada a duba fis da ido, a auna bakinsa biyu.

Soket ɗin da ake jona na'ura, wanda ke ƙarƙashin sitiyari, shi kansa wurin awo ne. Tun 1996 Amurka ta wajabta shi a motocinta, kuma fil 16 gare shi. Na 16 wutar batir ne kai tsaye, na 4 da na 5 na bodi ne, wato hanyar da wuta ke komawa baƙin kan batir ta jikin mota. In na'ura ta ƙi kamawa, nan za a fara dubawa. A motocin 2008 zuwa sama, fil na 6 da na 14 su ne wayoyi biyun da kwamfutocin motar suke magana da juna ta cikinsu. Cire kan batir, ka auna tsakaninsu, ya kamata ka ga om 60. In ka ga 120, layin ya yanke a wani wuri ko an zare wata kwamfutar. In ka ga kusan sifili, wayoyin sun haɗe. Lambar U0100, mai nufin magana da birenbos ta yanke, da ke sa mutane yanke wa birenbos hukunci, sau da yawa a nan maganarta take ƙarewa.

Wayar bodi ita ce aka fi zalunta, domin ana aunata ta hanyar da ba ta dace ba. In ka sa mita a kan om, ko silin waya ɗaya ne ya rage a ciki zai nuna maka hanya a buɗe take. Kamar tiyo ne da aka take, ruwa na ɗiga amma ba zai cika bokiti ba. Mayar da mita kan volt, baƙin tsinke a kan baƙin kan batir, jan a kan wayar bodi ta bayan soket ɗin birenbos, makulli a buɗe. Abin da ya wuce 0.1 matsala ce. Bi ta har inda aka ɗaure ta a jikin inji, kwance, goge da sanfefa, mayar ka ɗaure tam. Wayar wuta kuma, zare soket ɗin birenbos ka ɗora mata ƙwan sigina mai wat 21. In ya haska ras, wayar na iya ɗaukar kaya. In ya yi ja-ja, akwai ruɓa a hanya.

Sai volt 5 da birenbos yake ba sensoshi. Da yawansu layi ɗaya suke sha, don haka in ɗaya ta haɗe ta ciki sai ta janye wutar duka, mota ta mutu murus kamar birenbos ya ƙone. In ka auna ka ga babu 5 ɗin, riƙa zare sensoshin ɗaya bayan ɗaya idonka na kan mita. Wadda ka zare wuta ta dawo, ita ce ɓarauniyar. Wannan awon kaɗai ya ceci birenbos masu yawa daga bola. Kuma don Allah a daina huda rigar waya da allura, ta ramin nan ruwa yake shiga. A zura tsinke ta bayan soket. Fitilar gwaji mai ƙwai ma kada ta taɓa wayar sensa.

In akwai na'ura, a duba abin da take nunawa kai tsaye, ba lambobi kawai ba. Ana kik ya kamata a ga juyin inji yana motsi, wajen 200. In ya tsaya a sifili, saƙon kiranshaf bai zuwa. Zafin ruwa in ya nuna 40 ƙasa da sifili, waya ce ta yanke ko soket ya fita. Ciwon da ke zuwa ya tafi kuma, a bar inji yana aiki a riƙa girgiza damin waya gaɓa-gaɓa har a ji inda ya yi tuntuɓe.

Sai duk wannan ya fita lafiya sannan ake tuhumar birenbos. Shaidarsa ita ce wuta na shiga, bodi na da kyau, saƙon sensa na isowa, amma ba ya ba kwayil ko nozul umarni, ko ya riƙa dawo da P0601 ko P0606, lambobin matsalar cikinsa, bayan an goge. Yana mutuwa kam. A 2010 Toyota da kanta ta janye Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda tsagewar liƙin cikinsa, kuma irin motocin nan sun cika titunanmu. Amma yawancin waɗanda ke mutuwa a hannunmu, mu muke kashe su: cire kan batir inji na aiki wai ana gwada altaneta, juya kan waya wajen jan wuta daga wata motar, yin walda a jikin mota batir da birenbos na jone, da naɗa waya a gurbin fis. Wannan na ƙarshen har gobara yake jawowa.

Kafin a jona wanda aka aiko, a nemo abin da ya kashe na farko. A auna nozul, yawancin na motocin fetur om 12 zuwa 16 suke nunawa, wanda ya faɗi ƙasa sosai zai ƙona sabon kamar yadda ya ƙona tsohon. A duba kwayil da ya kumbura ko ya tsage. A cire kan batir kafin a zare ko a jona soket. In motar mai makullin tsaro ce, a shirya wanda zai haɗa su da na'ura, in ba haka ba za ta yi ta kik ba ta tashi.

Duk mai aiko saƙo daga yanzu, ya turo hoton takardar jikin birenbos yadda lamba za ta karantu, da hoton bakin soket, da lambar shasi mai harafi 17, da lambobin da na'ura ta fitar, sannan ya faɗi abin da ya samu a batir, da bodi, da volt 5, da fil na 6 da 14. In da hali a haɗo da tsohon, domin a nan ana iya gwada shi a wata motar ko a kwafe bayanansa. A gaida mutanen gareji baki ɗaya, Allah ya ba da kasuwa.