Yaya, kan maganar hitar Jamus da ka ce in auno maka

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da su Anti da yara. Na ga hotunan ginin, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga lafiya.

Saƙonka ya iso cewa in saya maka irin hitar da ka gani a banɗakina ranar da muka yi waya ta bidiyo, in saka a kwantenar da za ta tashi daga Hambug. Ban saya ba tukuna, kuma ina so ka ji dalili kafin ka ce ƙaninka ya yi maka rowa.

Ita wannan hitar, Jamusawa na kiranta Durchlauferhitzer, ba ta tara ruwa. Akwati ce ƙarama a jikin bango, ruwan sanyi ya shiga ta ƙasa, ya ratsa wayoyi masu zafi, ya fito da ɗumi nan take. Ka rufe famfo ta daina cin wuta. Kamfanoni irin su Stiebel Eltron da Vaillant da Clage ne suka cika kasuwar, kuma girman da aka fi sayarwa na gida huɗu ne: kilowat 18, 21, 24 da 27. Ka kwatanta da tukunyar lantarki ta dafa shayi, wadda take cin kamar kilowat 2. Tawa ta 21 ce, wato tukwanen shayi goma a kunne lokaci guda.

Sai da na sha wuya na gane lissafin. Gidan da muka fara kamawa akwai tsohuwa mai kilowat 18. Da rani ba mu ga aibunta ba. Da sanyi ya kankama a watan Janairu, ina cikin wanka da asuba zan tafi aiki, matata ta buɗe famfon kicin, sai ruwa ya koma kamar na ƙanƙara a bayana. Haka muka yi wata biyu, in wani zai shiga wanka sai ya yi shela a cikin gida. Mai gidan ya yi ta jan ƙafa kafin ya turo mai gyaran wuta, wani dattijo, wanda ya zauna ya rubuta mini lissafin a bayan ambulan. Har yau ina ajiye da ita.

Ya ce yawan ɗakunan gida ba shi ne ma'auni ba. Abu biyu ake dubawa: lita nawa ke fita a minti ɗaya, da kuma digiri nawa za a ɗaga zafin ruwan. Ka ninka su biyun, ka raba da 14, abin da ya fita shi ne kilowat ɗin da kake bukata. A nan ruwan famfo yana shigowa gida da sanyin kamar digiri 10, wanka kuma yana daɗi a 38, tazara 28 ke nan. Shawa tana zubar da kamar lita 8 a minti. Takwas sau 28, a raba da 14, ya ba da 16. To ka ga mai 18 ta ishi shawa ɗaya, amma da an buɗe famfo na biyu ta gaza. Sabuwar da aka saka mana mai 21 ce, kuma irin ta zamani wadda ke riƙe zafin da aka saita mata, in ƙarfinta ya ƙare sai ta rage gudun ruwa maimakon ta sake maka sanyi.

Abin da ya burge ni a aikin dattijon nan, bai taɓa hitar ba sai da ya buɗe akwatin fis ya duba kaurin waya. Irin wannan hita layi uku take sha, bolt 400, da fis uku masu amfiya 32 kowanne. Ba kowa ke da izinin haɗa ta ba, kuma sai an nemi amincewar kamfanin da ke da layin wutar unguwa. Da ya gama ya gwada wayar ƙasa, wadda ke kai wuta cikin ƙasa in ta zube, da na'ura, ya rubuta takarda ya sa hannu. Kuɗin aikinsa ya yi tsada, ban musa ba, amma na kwana da kwanciyar hankali.

Yanzu mu dawo gidanka. Layi ɗaya aka ja maka, bolt 230. Kilowat 21 a kan layi ɗaya ya haura amfiya 90, wayar gidan ba za ta ɗauka ba, kuma ita hitar ma ba za ta tashi ba tunda ba don layi ɗaya aka ƙera ta ba. Ko ka nemi layi uku, ka san yadda ake yi: yau a ɗauke ɗaya, gobe biyu su zo da rauni. Janareta kuwa kada ma a fara zancensa.

Akwai kuma ƙarfin ruwa, wanda mutane ke mantawa. A nan ruwa yana zuwa da matsi mai ƙarfi daga famfon gari. Kai daga tankin sama za ka sha, kuma kowane tsayin mita 10 ne ke ba da matsin "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. Tankin da ke mita 4 sama da kan shawa bai kai rabin "bar" ɗaya ba. Hitar da ba ta ji ruwa na gudu sosai ba, ba ta kunna kanta, sai ka ƙara ɗan injin tura ruwa, shi ma wuta yake ci.

Amma lissafin dattijon yana aiki a Kano kamar yadda yake aiki a Hambug, kuma a wajenku ya fi sauƙi. Wata nawa ake neman ruwan ɗumi? Daga Disamba zuwa Fabrairu ne, lokacin hunturu. A Afrilu ruwan tanki ma sai an bari ya huce. Mu ɗauka da safiyar hunturu ruwanka yana digiri 20, tazarar 18 ce kawai. Ƙaramar hita ta shawa ɗaya mai kilowat 5.5 za ta ba ka lita 4 da ɗoriya a minti, bokitin lita 16 ya cika cikin minti huɗu. Ga wanda ya tashi da wankan bokiti wannan ya wadatar. Sai dai tana jan amfiya 24, don haka dole a ja mata wayarta ita kaɗai tun daga akwatin fis, mai kaurin milimita 4 ko 6 gwargwadon nisa, ba a jona ta da soket ba. Kuma in wuta ta zo da rauni, ta sauka zuwa bolt 180, ƙarfinta ba kaɗan yake raguwa ba, yana komawa kamar kilowat 3.4, ruwa ya fito salam-salam. A Ingila ma irin wannan ta shawa ɗaya suka fi sakawa, sai dai tasu takan kai 8.5 zuwa 10.5 saboda sanyin ruwansu.

In shawarata za ka bi, Yaya, mai tanki za ka saka, wadda ake samu a Sabon Gari. Mai lita 30 da kilowat 1.5 tana kai ruwa digiri 60 cikin kamar awa ɗaya. In an surka shi da na sanyi zai ba da sama da lita 60, wankan mutum uku ko huɗu da bokiti. Babbar fa'idarta a wajenmu ita ce in an kawo wuta da tsakar dare ta ɗumama, ko an ɗauke da asuba ruwan na nan da zafinsa don alwala da wankan 'yan makaranta. Tawa ta Jamus, da wuta ta ɗauke ta zama akwati kawai. Bambancin shi ne a nan shekara takan zagayo ban ga an ɗauke ba.

Kowacce ka zaɓa, abu ɗaya nake roƙonka saboda Allah: a kafa sandar ƙasa ta gaske, a haɗa wayarta har banɗaki, a saka makashin da ke yanke wuta da kansa in ta zube, mai miliamfiya 30. Kada ka yarda mai aiki ya ce maka ba dole ba ne. Yara ne za su tsaya cikin ruwa ba takalmi.

Makashin nan zan saya maka guda biyu masu kyau in saka a kwantenar, da kan shawa mai tsimin ruwa. Kai kuma in an ɗora tanki, ka sa bokitin da ka san litarsa a ƙarƙashin famfon banɗaki, ka duba agogo minti nawa ya cika, ka turo mini. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata man zafin da ta nema yana cikin kayan.