Kunnuwan jita masu kulle: wanne ya dace da makaɗin Gombe?

Masu kaɗa jitar lantarki a coci-cocin Biliri da Kaltungo, da 'yan situdiyo a cikin garin Gombe, sun fara tambayar kunnuwa masu kulle. Kunnuwan jita su ne 'yan maɓallan da ke kan jitar, waɗanda ake murɗawa don ɗaga ko sauke muryar tsirkiya. Kafin ka tura kuɗi Jos ko kasuwar Alaba a Legas, ka san abin da za ka samu: saurin canza tsirkiya. Kunnen gargajiya sai ka naɗa masa tsirkiya zagaye biyu ko uku, wannan naɗin kuma shi ke sakewa a hankali murya ta sauka. Mai kulle yana da wani ɗan ƙarfe a cikin sandarsa da ke danne tsirkiyar, don haka babu naɗi sai rabin zagaye.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko mai ɗan faifai ne a baya, ka murɗa da yatsa ya kama: Sperzel na Amurka, Schaller M6 na Jamus, Hipshot Grip-Lock, da na Fender. Na biyu shi ke kulle kansa yayin da kake murɗa kunnen, kamar wasu na Grover da Magnum Lock na kamfanin Gotoh na Japan. Ni dai na fi son mai faifai, domin idonka na ganin abin da hannunka ke yi, ko da wutar NEPA ta ɗauke ana haska maka da waya. D'Addario kuma suna da Auto-Trim mai datse ragowar tsirkiyar da kansa. Abin sha'awa ne, amma filaya ma tana wannan aikin.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen awo. Yawancin jitocin zamani ramin kunnensu milimita 10 ne, masu tsohon fasali kuwa ƙasa da 9. Ka cire kunne ɗaya ka auna kafin ka yi oda. Ka duba kuma ko shida a jere ne irin na jitar Stratocaster, ko uku-uku a kowane gefe irin na jitar Les Paul. Sannan ka juya kan jitar ka ga yadda aka kafe na yanzu. Na Fender da 'yan ƙusoshi biyu yake shiga itace, Sperzel da guda ɗaya, wasu kuma da sukuru. Idan bai dace da ramukan da ke nan ba, sai an yi sabon huji, kuma katakon kan jita ba na ba kowane kafinta ba ne, musamman da hunturu lokacin da itace ya bushe yana neman dalilin tsagewa. Hipshot suna sayar da wani faranti da ke riƙe kunnuwan ba tare da huji ba, shi ya sa nake ba wanda ke tsoron ɓata kayansa shawararsa.

Batun giyar kunne, wato haƙoran da ke juya sandar, ba ya buƙatar dogon bayani. Sperzel 12:1 ne, wato murɗa kunne sau 12 ke juya sandar sau ɗaya; wasu na Hipshot kuwa 18:1. Babbar lamba ta fi sauƙin saita murya daidai, ƙarama ta fi sauri.

Ga yadda ake sa tsirkiya. Ka juya sandar har raminta ya fuskanci wuyan jitar, ka zura, ka ja da hannu ta miƙe, sai ka murɗa faifan da yatsu kawai. Kada ka sa masa filaya, don matsi mai yawa yana cin siririyar tsirkiyar E ta tsinke a bakin ramin. Ka ɗaga murya, ka jajja tsirkiyar ka sake saitawa har ta daina sauka, sannan ka yanke ragowar. Wanda ya riga ya yanke kafin ya tabbatar kullen ya kama, ya yi asarar tsirkiya.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa. A nan, idan tsirkiya ta tsinke ta gindi, da yawa warware naɗin sama suke yi su ƙulla su ci gaba da kiɗa har a samu mai zuwa Jos. Da kunne mai kulle babu wannan rarar. In kai mai lallaɓa tsirkiya ne, ka bar zagaye ɗaya cikakke, ko ka riƙa ajiye fakitin tsirkiya mai lambar kauri 9-42 ko 10-46 a jaka.

Kuma idan jitarka tana yin "kit" lokacin da kake saiti, ko murya tana kaucewa bayan ka taɓa sandar girgiza sauti, laifin sau da yawa na ƙashin bakin wuya ne da tsirkiya ke bi ta kansa. Ƙurar hunturu tana cika tsagoginsa. Ka share, ka goga bakin fensir a ciki, ka gwada tukuna. Wanda jitarsa ke da Floyd Rose, wani irin sandar girgiza sauti mai kulle, shi ma ya riƙe kuɗinsa, tunda tsirkiyarsa a kulle take tun daga wuya.

Kunnuwa marasa suna masu araha da ake gani a intanet fa? Wasu suna aiki, amma sa'a ce, kuma jabun manyan sunaye suna yawo. Idan kuɗinka bai kai na Gotoh ko Hipshot na asali ba, ka bar kunnuwan da jitar ta zo da su, ka ɗaure notinsu, ka sayi tsirkiya mai kyau da canjin.