Tirfor ko wincin batir, ga motar da ke kafewa a rairayi

Alhaji, ka tambaya ko tirfor ko wincin batir ya fi don fitar da mota in ta kafe. Tunda hanyar Gure zuwa Tesker Land Cruiser ɗinka take bi da lodi, tirfor za ka saya, wato injin jan kaya da ake bugawa da sanda a hannu, mai ƙarfin kilo 1,600, ka haɗa da puli ɗaya, wato ƴar tayar da igiya take bi ta kanta. Wincin batir ka bar shi sai kuɗi sun yi rara.

Winci dai ganga ce da igiya take naɗuwa a kanta, ko a juya ta da hannu ko da inji, kuma tsohuwar dabara ce da aka yi ta jan kaya da ita tun zamanin Girkawa. Raunin yana cikin gangar. Lambar da aka rubuta a kwali, a ce fam 9,500, wato kusan kilo 4,300, ƙarfin naɗin farko ne kawai. Duk layin igiya da ya hau kan wani, gangar ta ƙara kauri, ƙarfin ya ragu. Tirfor kuwa ba shi da ganga. Muƙamuƙai biyu ne a cikinsa suke kama igiyar ƙarfe bi da bi, yadda hannuwa suke karɓa-karɓa wajen jan guga, igiyar ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Saboda haka ƙarfinsa a mita na farko shi ne ƙarfinsa a mita na ashirin.

Kamfanin Tractel ne ya fito da sunan, kuma girma uku aka fi sani: kilo 800 da igiya milimita 8.3, kilo 1,600 da 11.5, sai kilo 3,200 da 16.3. Na ƙarshen da igiyarsa kayan mutum biyu ne. Na tsakiyar shi ne nawa, mutum ɗaya yana ɗaukarsa, in ka bi da igiyar ta puli ka dawo da ita ƙarfin ya ninka, tafiyar ta ragu da rabi.

Ga yadda ake yi inda babu itace ko ɗaya. A fara da shebur, a share rairayin gaban tayoyi da ƙarƙashin difaranshal, a rage iska. A haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a binne tayar safaya a tsaye da sarƙa ɗaure a jikinta, a yanka siririyar hanya don sarƙar ta fito a kwance. In ta fito a miƙe sama, tayar za ta tumɓuko. A ɗaura tirfor a sarƙar, a maƙala ƙugiyar igiyarsa a wurin ja na shasi, kada a kuskura a ɗaura a ƙarfen gaba da aka yi wa walda a garaji. A yafa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa gefe. Sannan a kama sandar tirfor. Kowane bugu ƴan santimita ne, za ka ji igiyar tana ƙara, rairayin kan tayar da aka binne yana tsagewa kaɗan, can sai motar ta numfasa ta taso. Aiki ne na gumi, a rana ta Damagaram ma sai an yi canji. Amma tirfor yana ja gaba, yana ja baya, yana tayar da motar da ta kwanta a gefe, gobe kuma ka ɗora injin niƙa a bayan mota da shi.

Abin da ke kashe shi biyu ne. Rashin mai: in cikinsa ya bushe ya sha ƙura, sandar za ta yi ta kai da kawo igiya ba ta motsi. A wanke, a zuba man giyar mota lamba 90, yawansa ba ya sa shi sulɓi. Na biyu, zura bututu a sanda don ƙarin ƙarfi. Akwai ƙaramar ƙusar kariya da aka yi ta don ta karye in nauyi ya wuce kima. In ta karye a sa irinta, wanda ya maye ta da ƙusar kafinta ya cire wa kansa birki.

Wincin batir yana da sauri, ban hana shi wannan ba. Sai dai gaba kawai yake ja, yana zuƙar amfiya 300 zuwa sama da 400 in ya ɗau nauyi, dole injin mota ya kasance a kunne, kuma injin lantarkinsa yana zafi sai an riƙa hutar da shi. Ranar da batir ya mutu a daji, ado ne. In ka nace, ka ɗauki mai ƙarfin nauyin motarka da lodinta sau ɗaya da rabi, kada ka bar ƙasa da naɗi biyar a ganga, kada kuma ka ɗaga kaya sama da shi.

Hattara da masu sayar da tirfor. Wasu suna manna takardar 3,200 a jikin ƙaramin inji, ka duba kaurin igiyar, shi ba ya ƙarya. Wasu su ba ka inji da igiyar da ba tasa ba, siririya ta sulɓe, mai laushi ta lotse a cikin muƙamuƙai. Ta Tractel ta asali tana da sili ɗaya ja. Ka sa a warware igiyar duka a gabanka, ka bi ta da tsumma a hannu, inda ya maƙale waya ta tsinke, inda ta lanƙwashe kuma ba za ta wuce cikin injin ba. Ka nemi ƙusoshin kariya na safaya tun a shagon, kuma a gwada shi da nauyi, gaba da baya, kafin ka ƙirga kuɗi.