New York, Filadelfiya ko Bakin Kogin Potomac: Auna Wurin Kafa Babban Birni

Duk mai neman wurin kafa fadar sabuwar ƙasa a zamanin da babu waya kuma babu jirgin ƙasa, ya kamata ya ƙirga kwanakin tafiya kafin ya dubi kyawun gari. Da wannan ma'auni majalisar Amurka ta zauna a 1790, lokacin da saƙo ba ya wuce gudun doki ko jirgin ruwa.

New York ce ke riƙe da gwamnati tun 1785, kuma tana da tashar jiragen ruwa da manyan 'yan kasuwa. Aibinta shi ne ta yi arewa da yawa, domin wakilin jihar Jojiya kan shafe makonni a hanya, kuma kafin ra'ayin mutanensa ya iso an riga an kaɗa ƙuri'a.

Filadelfiya ta fi cika ido, ga gidajen sauka, ga maɗaba'u, ga zauren da aka ayyana 'yancin kai. Sai dai a 1783 sojojin da ba a biya albashi ba sun kewaye zauren majalisa, hukumar jihar Pennsylvania, inda birnin yake, kuma ta ƙi tura dakaru, har wakilai suka tattara nasu ya nasu suka koma garin Princeton na jihar New Jersey. Gwamnatin da ke zaune a irin wannan gari tamkar ɗan haya ce, tsaronta yana hannun mai gida. Shi ya sa tsarin mulki ya tanadi yanki na musamman da babu jihar da ke da iko da shi.

Bakin Potomac kuwa gonaki ne da daji, sai ƙananan garuruwan Georgetown da Alexandria. Abin da ya sayar da shi shi ne yana tsakanin arewa da kudu, kuma shugaban ƙasa George Washington ya yi amanna kogin zai zama hanyar shiga yankin Ohio ta bayan duwatsu. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne: don a zaɓi Potomac, 'yan kudu sun amince gwamnatin tarayya ta ɗauki basussukan yaƙi na jihohi, kamar yadda sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya nema, sannan aka zauna Filadelfiya shekara 10 ana gina birnin Washington a bakin kogin.

A ganina Potomac ya fi adalci wajen raba wahalar tafiya, amma mai zaɓensa ya shirya haƙuri, domin a 1800 jami'ai sun tarar da tituna masu laka da gine-ginen da ba a kammala ba. Cinikin yamma da aka yi fata kuma ya karkata New York bayan buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825.