Ƙofar IPCC ta masu duba daftari: shiga da sauƙi, aikin ne da nauyi

IPCC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai fitar da rahotanni kan sauyin yanayi, wadda aka kafa a 1988 take da mazauni a Janiba, hanya biyu take ɗaukar masana. Marubutan rahoto da mahalarta taron bita, irin wanda aka yi a Bangkok a Afrilun 2023 kan yadda ake amfani da tsararrun hasashen makomar yanayi, sai gwamnati ko wata ƙungiya mai kujerar sa ido ta miƙa sunan mutum. Mai duba daftari kuwa shi ke rajistar kansa ta intanet, ya bayyana fanninsa da kansa. Wannan ta biyun muke aunawa, kuma ta cancanci yabo, da sharaɗi.

Da an karɓi rajista za a ba ka daftari da takardar Excel. Kowane gyara layinsa daban: babi, shafi, layin da aka fara, layin da aka tsaya, sannan maganarka. Yawanci mako 8 ake bayarwa. Ba a biyan ko sisi, daftarin da Turanci yake, kuma an hana yaɗa shi ko ɗauko magana daga ciki. Abin da ya fi burgewa shi ne dole marubuta su amsa kowane gyara mai ma'ana, akwai editoci da ke sa musu ido, daga baya kuma a wallafa gyararrakin da amsoshinsu. Kundin farko na rahoto na shida, na 2021, ya sha gyara sama da 78,000, marubutansa 234.

A wajen hasashen ne ƙwararre ke cin tuwonsa. Hasashen ba duban boka ba ne. Cewa ake in duniya ta bi hanya kaza, ga inda za a kwana. Guda biyar kundin ya yi aiki da su, kowanne da laƙabinsa, daga SSP1-1.9 mai ƙarancin hayaƙin da ke ɗumama duniya zuwa SSP5-8.5 mai yawansa. Lambar ƙarshe ƙarfin ɗumamar da ake tarawa ne a kowace murabba'in mita zuwa 2100, ba digirin zafi ba, kuma nan da yawa ke tuntuɓe. Ƙarin zafin ƙarshen ƙarni kusan digiri 1.4 ne a na ƙasa, 2.7 a SSP2-4.5, 4.4 a na sama, in aka auna da shekarun 1850 zuwa 1900. Wani jadawalin kuma da 1995 zuwa 2014 yake auno. Wanda ya haɗa su bai lura ba zai yi ta gyara abin da ke daidai. Haka masu ɗaukar RCP8.5, tsohon hasashen rahoton baya, da SSP5-8.5 a matsayin abu ɗaya, ko masu kiran SSP5-8.5 hanyar da duniya ke kai tabbas.

Rauninsa a bayyane yake: an fi sauraren gyaran da ke da hujja daga binciken da aka wallafa kafin ranar rufe karɓa. Masanin da ya san damina a Maraɗi ko Katsina kamar tafin hannunsa, amma bayanansa na cikin kundin ofis, ba shi da abin nunawa. Ga shi a Sahel ɗin ake buƙatarsa, inda na'urorin lissafin yanayi ke saɓa wa juna, ko da yake yawancinsu na nuna ƙarin ruwa a tsakiya da raguwarsa wajen Senegal.

Mai niyya ya ɗauki babi ɗaya kawai, ya rubuta jimlar da yake so a saka a maimakon wadda ya soka, ya haɗa da cikakken sunan binciken. Sunansa zai fito a ƙarshen rahoto, amma hakan ba shaidar ƙwarewa ba ce daga hukumar, kada a kai ta neman aiki da sunan marubuci.